Zaman 'yan marina a Irakin Abdulkarim Ƙasim: 'yan kwaminis, malamai da Kurdawa

"Malam, na ji wani mai sharhi a rediyo yana cewa a wajajen 1959 babu jam'iyyar da ta kai ta 'yan kwaminis jama'a a Iraki, har ma a Najaf, garin malamai. Abin ya ɗaure mini kai. Ta yaya aƙidar da ba ta yarda da Allah ba za ta samu shiga haka a ƙasar Musulmi? Ina masu kishin Musulunci suke a lokacin? Su kuma Kurdawa, da su ma Musulmi ne, wane ɓangare suka bi?" Tambayar wani ɗalibin tarihi ce daga Zariya.

Ɗan'uwa, mai sharhin bai yi ƙarya ba. Amma tambayar taka ta ɗauka cewa rigimar ta tauhidi ce, masu imani a gefe guda, marasa imani a ɗaya gefen, Kurdawa kuma na neman inda za su raɓa. Idan ka shiga da wannan tunani za ka ɓata tun a bakin ƙofa. Waɗannan ƙungiyoyi uku mutane iri ɗaya suke zawarci: ɗan manomin da ba shi da gona, ɗan makarantar da ya gama karatu bai samu aiki ba, da duk wanda gwamnatin Bagadaza ta mayar saniyar ware. Abin da ya yanke wa kowaccensu hukunci kuwa ba hujjarta ba ce. Wanda ke riƙe da soja ne.

Abin da ya kai talaka ga jar tuta

Fara da ƙasa, wato gona. A ƙarƙashin sarautar da Ingila ta kafa a 1921, an yi dokokin da suka mayar da filayen ƙabila mallakar shaihin ƙabilar shi kaɗai. Kafin a kai 1958, kusan kashi 1 cikin 100 na masu filaye ne ke riƙe da fiye da rabin ƙasar noma. A lardin Amara da ke kudu, manomi na nome shinkafa shekara guda, kaso mafi tsoka ya tafi rumbun shaihi, shi kuma ya tashi da bashi, doka ta hana shi barin gonar sai ya biya. Waɗanda suka gudu suka tare a gabashin Bagadaza, bayan ganuwar da ke tare ambaliya, a cikin bukkokin kara da laka da ake kira sarifa, su da ɓaunansu, ba famfo ba magudanar ruwa. Mafi yawansu 'yan Shi'a ne. Wanda ya riƙa zuwa musu da dare yana koya musu karatu, yana rubuta musu takardar koke, yana haɗa su da ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ko ta tashar jiragen ruwa ta Basra, ɗan kwaminis ne. Ba ya tayar musu da zancen samuwar Allah. Zancen haya yake yi, da albashi, da Ingila.

An kafa jam'iyyar a 1934, amma wanda ya mayar da ita ƙungiya mai ƙashi shi ne Yusuf Salman Yusuf, wanda aka fi sani da Fahad, Kirista ne ta haihuwa. Tsarinsa shi ne ƙananan rukunoni na mutum kaɗan, kowa da sunan ɓoye, ɗan rukuni bai san kowa a sama ba sai mutum ɗaya. In 'yan sanda suka kama mutum suka gana masa azaba, abin da zai iya tonawa kaɗan ne. Sun yi tasiri a yajin aikin ma'aikatan man fetur na Kirkuk a 1946, da kuma boren Janairun 1948 da ya rusa yarjejeniyar Portsmouth da aka ƙulla da Ingila, ya kuma kayar da gwamnatin Salih Jabr. A Fabrairun 1949 gwamnati ta rataye Fahad da abokansa biyu, ta bar gawarwakin a dandalin jama'a don ya zama ishara. Ishara ta juye ta zama talla.

Akwai dalili na biyu wanda ya shafi tambayarka ta uku. Kishin Larabawa, wanda Nasser, shugaban Masar, da jam'iyyar Ba'ath suke yaɗawa, ba shi da wurin ajiye Bakurde, kuma ɗan Shi'a na tsoron a narkar da Iraki cikin babbar ƙasar da Sunni za su rinjaya. Jam'iyyar kwaminis kuwa ba ta tambayar ƙabila ko mazhaba a bakin ƙofa. Dubi shugabanninta bayan Fahad: Baha'uddin Nuri, Bakurde, Husain al-Radi da ake kira Salam Adil, sharifi ɗan Najaf, sannan Aziz Muhammad, wani Bakurden. A rubutun Larabci harafin wawu ɗaya ne ya raba kalmar shi'i da shuyu'i, kuma abokan gaba sun sha yin ba'a da wannan.

Najaf kuwa ba abin mamaki ba ne in ka lura da halin da makarantunta suke ciki. Ɗalibai sun ragu ƙwarai, kuɗin da ke shigowa ya ja baya, 'ya'yan malamai da kansu sun koma makarantun gwamnati. Yaron da ya tashi yana jin labarin Karbala kowace shekara, da zalunci da shahada, ba ya buƙatar a fassara masa kalmar azzalumi. Husain al-Shabibi, ɗaya daga cikin waɗanda aka rataye tare da Fahad, daga gidan addini na Najaf ya fito.

Ranar 14 ga Yulin 1958 da abin da ya biyo baya

Hafsoshi biyu ne suka jagoranci kifar da sarauta, Abdulkarim Ƙasim da Abdussalam Arif. Aka kashe Sarki Faisal na biyu da yarima mai jiran gado Abdul'ilah da jigon gwamnati Nuri al-Sa'id. Ba a yi wata uku ba suka ɓaɓe a kan magana ɗaya: shin Iraki ta shiga tarayyar da Masar da Siriya suka ƙulla a Fabrairun shekarar? Arif na so. Ƙasim ba ya son zama gwamnan lardi a ƙarƙashin Nasser. Shi kuma ba shi da jam'iyya, don haka yana buƙatar masu cika masa titi.

Nan buƙatu uku suka haɗu. 'Yan kwaminis sun ga abin da ya faru a Siriya: sharaɗin Nasser shi ne a rusa dukkan jam'iyyu, shugaban 'yan kwaminis na can, Khalid Bakdash, ya bar ƙasar, aka shiga kama mabiyansa. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta, suka shafa wa nasu ruwa. Masu kishin Larabawa na ihun haɗewa nan take, su kuma na amsawa da tarayya mai sassauci da abota da Tarayyar Sobiyet. Kurdawa ma haɗewar ba ta yi musu ba, don a Iraki suna da nauyi, a cikin babbar ƙasar Larabawa kuwa za su zama ɗigo. Ƙasim ya rungume su duka. Kundin tsarin mulki na wucin gadi ya ce Larabawa da Kurdawa abokan tarayya ne a ƙasar. A Oktoba jagoran Kurdawa Mulla Mustafa Barzani ya dawo daga Sobiyet, inda ya yi shekara 11 tun bayan rushewar jamhuriyar Kurdawa ta Mahabad a Iran, aka ba shi gida da mota da alawus a Bagadaza. Sabuwar tutar 1959 ma an sa mata rana ruwan ɗorawa a tsakiya don Kurdawa, tambarin ƙasa kuma ya haɗa takobin Larabawa da wuƙar Kurdawa.

A Maris 1959 kwamandan sojan Mosul, Abdulwahab al-Shawwaf, ya yi tawaye da goyon bayan masu son Nasser da manyan masu filaye. 'Yan kwaminis da mayaƙan Kurdawa da ƙananan sojoji ne suka murƙushe shi. Kwanakin da suka biyo baya sun yi muni, kuma in ka bi su gida-gida za ka ga ba aƙida ce ke aiki ba: ƙaramin soja Bakurde a kan hafsa Balarabe, manomi a kan mai gona, unguwar talakawa a kan ta attajirai, kowa ya fito da tsohon bashinsa. Ranar 1 ga Mayu dubban ɗaruruwan mutane suka cika titunan Bagadaza suna rera wa Ƙasim fatan tsawon rai, suna cewa shigar jam'iyyar kwaminis gwamnati babbar buƙata ce. Wannan ita ce ƙololuwar da mai sharhinka ke nufi. Ka dai riƙe cewa masu katin jam'iyya ba su kai ko kusa da yawan masu tafi a titi ba.

Daga nan aka fara gangara. A bikin cika shekara ɗaya da juyin, a Kirkuk, faɗa ya ɓarke tsakanin Kurdawa, da yawansu ƙarƙashin tutar kwaminis, da Turkumawa masu riƙe da kasuwar garin. An kashe gommai, akasarinsu Turkumawa. Rigimar wa ke da Kirkuk ce, amma jam'iyyar ce ta sha baƙin jinin. Ƙasim, wanda dama ya fara jin sun yi masa girma, ya samu hujja. Ya rusa rundunar sa-kai da suka mamaye, ya fara zare mutanensu daga soja. Da aka zo rajistar jam'iyyu a farkon 1960 ya yi musu wata dabara mai ciwo: ya ba wani ɗan tsirarun da ya ɓalle, Dawud al-Sayigh, lasisi da sunan jam'iyyar kwaminis, ya hana ta ainihin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk da haka ba su juya masa baya ba, saboda Mosko ba ta son su ƙwace mulki, kuma su ma sun san wanda zai gaje shi ya fi shi sharri.

Inda malamai suka shigo

Masu kishin Musulunci suna nan, sai dai a makare suka zo, kuma martani suka zo yi. Ta ɓangaren Sunni, Muhammad Mahmud al-Sawwaf, ɗan Mosul da ya yi karatu a Azhar, shi ya kawo tafiyar 'Yan'uwa Musulmi daga Masar, tare da Shaikh Amjad al-Zahawi. Ba su yi ƙarfi kamar na Masar ba, don matashin Sunni Balarabe mai ƙin kwaminis yana da wata ƙofar a buɗe, wato Nasser ko Ba'ath. Ta ɓangaren Shi'a, a wajajen 1957 zuwa 1958 wasu matasan malamai da 'yan boko suka kafa jam'iyyar Da'awa a ɓoye, ƙwaƙwalwarta shi ne Muhammad Baƙir al-Sadr, wanda bai kai shekara 25 ba. Abin lura shi ne sun kwaikwayi abokin gabarsu: rukunoni na sirri, matakai na horo, ƙasidu da ake miƙawa hannu da hannu. Littattafan Sadr biyu, Falsafatuna na 1959 da Iƙtisaduna da ya biyo baya, an rubuta su ne don ɗan sakandaren da ya riga ya karanta Markisanci yana neman amsa da irin harshensa. Sadr ya fahimci cewa la'ana daga kan mumbari ba ta dawo da irin wannan yaro.

Dokoki biyu ne suka fito da manyan malamai fili. Ta farko ita ce dokar rabon filaye ta Satumban 1958, wadda ta ƙayyade wa mutum dunam 1,000 na ƙasar ban-ruwa ko 2,000 na ƙasar damina. Dunam na Iraki rubu'in hekta ne, ke nan hekta 250 ko 500. Iyakar ba ta da tsanani, amma ta taɓa masu gonakin da ke aika humusi da sadaka Najaf, ta kuma tayar da tambayar fiƙihu a kan ƙwace dukiyar Musulmi. Aiwatarwar ma ta lalace: an ƙwace filaye da sauri, an raba a hankali, famfunan ban-ruwa da iri da bashi duk suna hannun shaihin da aka kora, sai amfanin gona ya faɗi, gudun zuwa birni ya ƙaru. Ta biyu ta fi zafi, dokar iyali mai lamba 188 ta Disamban 1959. Ta ce ƙarin aure sai da izinin alƙali, ta kuma daidaita kason mace da na namiji a gado. Kai da ka san ayar gado ka san yadda wannan zai sauka a kunnen malami. Ga shi kuma a majalisar ministoci akwai Dakta Naziha al-Dulaimi, 'yar kwaminis, mace ta farko da ta zama minista a Iraki.

A Fabrairun 1960 babban marja'in Najaf, wato malamin da 'yan Shi'a ke bin fatawarsa, Sayyid Muhsin al-Hakim, ya ba da fatawa cewa kwaminisanci kafirci ne da ilhadi, shiga jam'iyyar bai halatta ba. Fatawar ta yi aiki a kudu, inda mutum ke iya zama ɗan jam'iyya da rana ya je makokin Husaini da dare bai ga karo ba. Yanzu an tilasta masa zaɓi. A shekarar ce kuma 'Yan'uwa Musulmi suka samu lasisin Jam'iyyar Musulunci ta hanyar kotu bayan ma'aikatar cikin gida ta hana, suka kuma sa sunan al-Hakim a matsayin uban jam'iyya. Sunni da Shi'a a inuwa ɗaya, tsoron jar tuta ya haɗa su. Da suka soki Ƙasim a rubuce, aka kama shugabanninsu.

A ganina, a nan ne masu ba da labarin ke yawan zarce gona da iri. Fatawa ta rage wa jam'iyyar farin jini, ta kuma ba masu kisa a 1963 abin fakewa. Amma ba malamai ne suka karya ta ba, kuma ba su ne suka ci ribar karyewar ba.

Kurdawa ba ɓangare ɗaya ba ne

Ka tambayi wane ɓangare suka bi. Akwai su a kowanne, amma babbar tafiyarsu ta ƙasa ce, kuma ita kanta kai biyu gare ta. Jam'iyyar Dimokuraɗiyya ta Kurdistan, KDP, da aka kafa a 1946 tana da 'yan boko na birane irin su Sulaimaniyya, masu karin harshen Sorani, irin su Ibrahim Ahmad da Jalal Talabani, waɗanda a wancan lokaci harshensu na gurguzu ne. Tana kuma da Barzani, mutumin duwatsun arewa, mai karin Kurmanji, wanda ƙarfinsa na ƙabila ne da ɗariƙa. Gidan Barzani gidan shaihunan Naƙshabandiyya ne, dangin Talabani kuwa sanannun shaihunan Ƙadiriyya ne a Kirkuk, ɗariƙar da ka sani a nan gida. Wannan ne ya sa jam'iyyar Musulunci ta zamani ba ta samu gurbi a cikinsu ba a lokacin: shaihin ɗariƙa ya riga ya zama jagoran siyasa tun zamanin Shaikh Mahmud Barzanji da ya yi wa Ingila tawaye a 1919. 'Yan boko na buƙatar bindigogin Barzani, shi kuma yana buƙatar alƙalaminsu, ba wanda ya yarda da wani.

Ƙasim ya yi musu abin da ya yi wa 'yan kwaminis. Da ya ga Barzani ya yi ƙarfi, sai ya shiga ba ƙabilun da ke gaba da shi makamai, irin su Zebari. Alkawarin kundin mulki bai zama makaranta ko gwamna ko kason kuɗin mai ba. Tawayen da ya tashi a Satumban 1961 ma, waɗanda suka fara shi manyan masu filaye ne na Kurdawa da dokar rabon gona da haraji suka ɓata wa rai. Barzani ya shiga, jam'iyyar ta biyo baya tana jan ƙafa. Ka ga abin dariya: jam'iyya mai kiran gurguzu tana yaƙi kafaɗa da kafaɗa da masu gudun a raba gonarsu. 'Yan kwaminis suka rasa tudun dafawa, suna kiran a yi sulhu a arewa alhali suna goyon bayan mai jefa bama-baman.

Yaƙin ya cinye sojan Ƙasim, ya kuma sa shugabannin KDP suka yi magana a ɓoye da masu shirya masa juyin mulki. Ranar 8 ga Fabrairun 1963, 14 ga Ramadan, Ba'ath da hafsoshin Arif suka tashi. Matakin farko shi ne harbe kwamandan sojan sama, Jalal al-Awƙati, ɗan kwaminis. Mutanen bukkokin sarifa da na sabuwar unguwar Thawra da Ƙasim ya gina musu suka kwararo zuwa ma'aikatar tsaro, da sanduna a hannu, suna roƙon ya ba su bindigogi. Ya ƙi. Washegari aka harbe shi, aka nuna gawarsa a talabijin don talakawa su yarda ya mutu. Sanarwa mai lamba 13 ta halatta kashe 'yan kwaminis, matasan Ba'ath masu koren ƙyalle a damtse suka bi gida-gida da jerin sunaye. Dubbai ne aka kashe ko aka tsare. Salam Adil ya mutu a hannun masu azabtarwa a kurkukun Ƙasr al-Nihaya. Sabuwar gwamnati ta soke daidaita gadon nan, malamai suka samu wannan. Kurdawa kuwa an yi gudun gara an faɗa gidan zago: a watan Yuni yaƙi ya dawo, ya fi na da muni.

Yadda za ka auna sauran ƙasashe

Tambayoyi uku nake ba ɗalibai su yi wa kowace ƙungiya ta wannan zamani: su wa take ɗauka, a ina take samunsu, kuma hafsa nawa gare ta a barikin da ke kusa da gidan rediyo. Sannan in ka ga adadin matattu, duba wanda ya ƙirga, don alƙaluman Mosul da Kirkuk da 1963 kowane ɓangare da nasa.

Gwada su a Masar. Nasser ya rataye shida daga 'Yan'uwa Musulmi a ƙarshen 1954 bayan harbin da aka kai masa a Iskandariyya, ya cika kurkuku da 'yan kwaminis daga Janairun 1959 alhali yana karɓar makamai da kuɗin madatsar Aswan daga Mosko, suka rusa jam'iyyarsu da kansu a 1965, ya rataye Sayyid Ƙutub a 1966. A Siriya, Bakdash Bakurde ne na Damaskus kuma ɗan kwaminis na farko da ya ci kujerar majalisa a ƙasar Larabawa, a 1954, amma bai ɗauki maganar haƙƙin Kurdawa ba, shi ya sa suka kafa tasu jam'iyyar a 1957. Ƙidayar kwana ɗaya da aka yi a lardin Hasaka a Oktoban 1962 ta raba kimanin Kurdawa 120,000 da takardar zama ɗan ƙasa. Shugaban 'Yan'uwa Musulmi na can kuwa, Mustafa al-Siba'i, da kansa yake kiran gurguzun Musulunci, wanda ke nuna maka yadda kalmar ta yi kasuwa a lokacin.

Ma'aunin nawa yana da iyaka. A Sudan majalisa ce ta haramta jam'iyyar kwaminis a 1965, bisa matsin masu kishin Musulunci da Hasan al-Turabi ke jagoranta, kuma a can maganar addini ce kai tsaye ta tayar da ƙurar, ko da yake soja ne ya ƙarasa aikin a 1971 da Numairi ya rataye Abdulkhaliƙ Mahjub. A Yaman ta Kudu kuma masu Markisanci su ne suka riƙe gwamnati da sojan baki ɗaya.

A Iraki dai wasan bai canja ba bayan Ba'ath ta dawo mulki a 1968. Ta ba Barzani yarjejeniyar cin gashin kai a Maris 1970, ta jawo 'yan kwaminis cikin gwamnatin haɗaka a 1973, suka taya ta yaƙar Barzanin. A 1975 Saddam ya sasanta da Sarkin Iran a Aljiyas, aka rufe wa Kurdawa iyaka, tawayen ya rushe cikin makonni. A 1978 aka kashe 'yan kwaminis 31 bisa zargin kafa rukunoni a cikin soja, sauran suka gudu duwatsun Kurdawan da suka taya Ba'ath yaƙa. A Afrilun 1980 aka kashe Baƙir al-Sadr da 'yar'uwarsa Bintul Huda.